Motar Auta Ta Ƙi Tashi

An riga an ɗaure katifar Baba Mai Zuma a saman mota, an yi addu'a, matan unguwa sun share hawayensu, sai motar ta ƙi tashi.

Auta ta murɗa makulli, ta sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba. Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba, nas ce a birni, kuma yayyenta maza ne suka turo ta ta kwaso tsohon ya koma can da zama gaba ɗaya. Sun ce ƙafarsa ta yi nauyi, ba zai ƙara cin wani sanyin shi kaɗai a ƙauye ba. Baba bai yi musu ba. Ya dai zagaya bayan gida, ya daɗe tsaye gaban akwatunan ƙudan zumansa kamar mai yi wa dangi sallama.

Lokacin kuwa zafi ya fara sassautawa. Jikokin da suka zo hutu duk an kwashe su, kafinta yana ta bubbuga bencinan makaranta, mata suna sauke tumatirin da suka shanya a kan rufi. Kowa ya san wanda bai tafi yanzu ba, to ya zauna ke nan.

Makanike ɗaya ne a ƙauyen, ana ce masa Sai-Gobe, don ko tayar keke ka kai masa amsar da za ka samu ke nan. Ya zo ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya faɗi sunansa.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Kullum da hantsi Auta takan tsaya a ƙofar garejinsa ta wanke shi tas, da murya mai ƙarfi yadda har mai shagon tsallaken titi zai ji. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

Babu wanda ya furta, amma ƙauyen duka ya gane da gangan Sai-Gobe yake jan ƙafa don kada a tafi da Baba. Wa zai so a ɗauke mutumin da duk yaron da ya yi tari gidansa ake aikawa neman zuma? Ashe Sai-Gobe ɗan halak ne. Matar kafinta ta aika masa ƙwai. Wanzami ya yi masa aski har da gyaran gemu, ya ƙifta masa ido. Goggo, maƙwabciyar Baba, wadda ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwar makaniken saboda injin niƙanta da ya kwana biyu a hannunsa har ya yi tsatsa, ta kai masa zakara da kanta.

"Allah ya ƙara wa hannunka nauyi," in ji ta.

Mutumin da aka saba tsine wa saboda jinkiri, yau ga shi ana sa masa albarka a kansa. Har kumatu ya yi.

Aka sauke katifa aka mayar ɗaki. Baba ya ɗebi zumar ƙarshen shekara, Auta tana riƙe masa gwangwanin hayaƙi tana dariya in ƙudan zuma ya bi ta. Ta gyara ƙyauren kicin. Ta yayyafa irin alayyafo a gefen rijiya.

"Mai tafiya gobe ce ke shuka?" Goggo ta tambaya ta saman katanga.

"Hannu ne ba ya son zama, Goggo."

Direban motar kayan lambu ya ce zai rage musu hanya. Auta ta yi godiya, ta ce bayan Baba ba zai ɗauki jijjigar babbar mota ba.

Sai dai kullum da la'asar babban yayanta yakan kira, amsarta kuma ɗaya ce: "Mota dai ba ta tashi ba, Yaya." Ran nan Baba yana alwala ya jiyo muryar yayan tana fita daga waya kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Wai ba ta da amfani, wai aike ɗaya ya gagare ta, wai hutunta na wurin aiki ya kusa ƙarewa kuma in aka kore ta kada ta zo masa da kuka. Auta ta ajiye wayar ta ci gaba da tsince shinkafa.

Abin ya tsaya wa Baba a rai. Daɗin zama a gida daban, a ce 'yarka ce ke shan zagi saboda kai daban. Da safe ya ɗauki sandarsa da kwalbar zuma mafi kyau, ya nufi gareji.

"Ɗana, na san don ni kake yi, Allah ya saka maka. Amma ya isa haka. Yarinyar nan ake ci wa mutunci. Na haƙura da ƙudan, na haƙura da gidan. Tayar mana da motar yau."

Sai-Gobe ya kalli kwalbar, ya kalli zakaran Goggo da ke ɗaure a jikin tsohuwar taya, ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, ni ma na gaji da cin abin mutane a kan aikin da ban yi ba. Ni nawa zagin safe ne kawai nake sha. Auta ce ta sa na nuna mata wayar injin da in aka zare mota ba za ta tashi ba, tun daren da ta iso, ta zare da hannunta, ta ce ba za ta mayar ba sai ranar da yayyenta suka gaji da kira."