Masta Ofori Ya Je Neman Aure da Mota

Tun da sassafe Masta Ofori ya goge motar har tana ɗaukar ido, ya ɗaure zabi a but, ya jera goro da taba a gefensu. Bakanike ne a Suame, unguwar makanikan Kumasi, kuma yau zai kama doguwar hanyar Bolgatanga neman auren Atampoka. Mahaifinta, Baba Akolgo, ya riga ya aiko da magana: ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai sauko daga bas yana kaɗe wando ba, alhali ga wani malamin makaranta mai babur yana ta zarya.

To, ga mota. Fara sol, irin mai haɗa fetur da batir ɗin nan da ke tafiya shiru kamar kyanwa.

Sai dai ba tasa ba ce. Wata Madam da bai taɓa gani ba ce ta aiko direbanta ya kawo ta, saboda wata 'yar fitila da ke kunna kanta a gaban sitiyari. Ofori ya gyara kafin shayinsa ya huce, sannan ya tura mata saƙo cewa babban batir ya mutu, sai an yi odar sabo daga Dubai. Kowa kuwa ya san Dubai ba nan kusa ba ce. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma Ofori ya tabbata wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a wannan kujerar ba.

Da yake mutum ne mai tattali, ya ga bai kamata kujerun baya su tafi a banza ba. A bakin tasha ya tarar da wata dattijuwa sanye da baƙi da ja na zuwa jana'iza, da 'yar jakarta. Ta daɗe tana kallon motar, gaba da baya, abin da ya yi wa Ofori daɗi ƙwarai.

"Bolga, Anti? Akwai sanyi, akwai kiɗa."

"Taka ce, ɗana?"

"Da gumina na saya."

"Allah ya ƙaro gumi," in ji ta, ta shiga baya. Ta sauke matashin hannu, ta lalubo wurin cajin waya ba tare da tambaya ba, ta miƙe ƙafa.

Daga Kumasi har Techiman Ofori bai bar bakinsa ya huta ba. Ya karantar da ita yadda motar ke shan fetur kamar majinyaci na shan magani mai ɗaci, da yadda taka birki ke cika batir. Duk gidan man da suka wuce sai ya ɗaga wa masu layi hannu cikin tausayi. Dattijuwar tambaya ɗaya ta yi.

"Batirin dai lafiya?"

"Anti, wannan batirin jikokina ma za su gaje shi."

A Kintampo suka tsaya sayen soyayyiyar doya, ita ta ce za ta jira a ciki. Yana cikin ciniki saƙon Madam ya shigo: ina labarin motarta, tana da rasuwa a arewa? Ofori ya koma bayan rumfa, ya gyara murya irin ta mai ta'aziyya, ya naɗa mata amsa a saƙon murya.

"Madam, ki yi haƙuri. Motarki na kan jak yanzu haka, ko taya babu. In na bar ki kika hau ta, Allah ba zai bar ni ba."

Da ya dawo ya sami Anti da waya a kunne, tana dariya har da share hawaye.

"Wani ɗan barkwanci nake saurare," ta ce. "Yaron yana da baiwa."

Bayan sun wuce Tamale ne wata damuwa ta kama shi. Me amfanin mota in za ka isa gidan surukai ba wanda ya ji isowarka? Ko akuyar da ke kwance a titi ba ta ɗaga masa kai. Don haka tun daga bakin ƙauyen su Atampoka ya ɗora hannu a kan hon, bai ɗauke ba sai da ya tsaya ƙarƙashin kukar ƙofar gida. Mata suka leƙo, maƙwabta suka taru, Atampoka ta rufe baki don murna.

Anti ta ce ƙafarta ta kumbura, a bar ta ta ɗan huta a ciki kafin ta nemi abin hawa zuwa gidan rasuwa.

"Kuɗin mota fa, Anti?"

"Shiga ka fito, ɗana. Ai ba za mu rabu haka ba."

Ya sauke zabi da goro, ya shiga yana juya makulli a yatsa yadda har makaho zai gani. Aka ba shi ruwa a ƙwarya, aka yi gaisuwar da ta taɓo kowa, daga kakanni har shanu. Baba Akolgo ya saurari buƙatarsa har ƙarshe. Can ya jawo sandarsa.

"An ce ka zo da mota marar numfashi. Mu je idona ya gani, sai bakina ya yi magana."

Suka fito, dangi na biye. Ƙarƙashin kuka babu komai sai sawun taya. Ba wanda ya ji tashin motar a cikin gida. Baba Akolgo ya dubi sawun, ya dubi makullin da ke yatsan Ofori, ya juya ya koma ciki yana cewa a mayar wa baƙo zabinsa.

Nan wayar Ofori ta yi ƙara. Saƙon Madam ne.

"Sannu da tuƙi, ɗana, ka hutar da ni har gida. Makullin hannunka ka kai wa direbana in ka samu bas, na biyun dama yana jakata."