Zanen Gawayi a Bayan Ƙyaure

Malam Na'Allah ya tsoma buroshi a gwangwanin shuɗin fenti, yana bin bangon ɗakin ɗansa Jafaru tabo bayan tabo. Bai gaya wa kowa ba. Sai da matarsa Haula ta tafi suna Sabon Maci sannan ya fara.

Shekara huɗu ke nan da Jafaru ya tafi Aljeriya ba da izininsa ba. Makon jiya wani direban Agadas ya kawo saƙo: Jafaru ya ce ba zai dawo ba sai uban ya kira shi da bakinsa. Na'Allah ya ce kada a ƙara ambata masa sunan nan, ya saka takalmi ya fice, ya bar direban da Haula.

Yau kuwa ga shi da buroshi. Ya rufe inda ruwan damina ya zubo. Ya rufe inda kan gado ya goge bango. A bayan ƙyaure ya tarar da wani ƙazamin zanen gawayi, ya ja tsaki, ya shafe shi har sau biyu.

Da la'asar Haula ta dawo, ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam, wa za ya kwana nan?"

"Mai ɗakin." Ya miƙa mata salularsa bai dube ta ba. "Sa mini lambar. Ni za ni kira shi."

Haula ta jawo ƙyauren, ta daɗe tana kallon ɗanyen fenti.

"Direban bai zo da takarda ba," ta ce. "Gawayi na ba shi, ya rubuta lambar a nan."