Wainar Jan Wake

"Shekarunka saba'in, amma jijiyoyin jininka na ɗan casa'in ne," in ji likitar. "Ciwon suga na bakin ƙofa. Baba, wa ke ɗura maka zaƙi haka?"

"Matata."

"To, a gaya mata na hana."

A hanyar gida, nan garin Akita, ya sayi wainar jan wake mai zaƙi, kamar kullum. Da ya isa, ya kunna turare, ya ajiye wainar gaban hoton matar tasa. A al'adar garin, abin da aka miƙa wa mamaci ba a zubarwa, mutanen gida ke cinyewa. Shi kaɗai ne mutanen gidan.

"Tsohuwa, wai kashe ni za ki yi," ya ce. "Kin gaji da jira ne?"

Ya kai hannu kan wainar.