Muryar da ke Cikin Libarba

Wa ke da maganar ƙarshe ta mamaci, mai saye ko uwar da ta haife shi? Mantau bai sani ba.

Tun da albarushi ya daina kamawa a duniya, tsofaffin bindigogin libarba suka yi daraja. In ka kara kunne, sai ka ji muryar wanda suka kashe, can nesa kamar daga rijiya. Mantau na dillancinsu a kasuwar Kurmi, kunnuwansa toshe da auduga.

Wata tsohuwa ta nuna ɗaya. "Ɗan nan, kunnena ya mutu. Saurara mini, ko autana Barau ne?"

Ya girgiza kai. "Iya, sayarwa nake, ba na saurare."

Ta zauna bakin rumfa har la'asar. Da ya hango wanda zai sayi libarbar da ta nuna tafe, Mantau ya zare audugar, ya kai bindigar kunnensa.