Mai Zuma da Kurminsa na Gado

Sallau, ka ce hankalinka bai kwanta da mutanen nan ba, masu son ka ba su aron bayan gonarka su riƙa kawo yara suna koya musu sanin itatuwa. Ni ban ce ka yarda da su ba. Amma zauna in ba ka wani misali, ka auna da kanka.

An yi wani mai zuma da ya gaji ɗan kurmi a bakin rafi, ɗorawa da kaɗanya da ƙirya, amyoyinsa na rataye a rassansu. Matarsa ma da kalwar wurin take yin daddawa. Wata rana malamai biyu, mace da namiji, daga wata ƙungiyar sa-kai suka yi masa sallama, suka roƙi ya bari su riƙa kawo 'yan makaranta ranar Asabar, su ga itace da tsuntsu da idonsu. Kunya ta sa bakinsa ya ce to, zuciyarsa kuwa ba ta ce ba. Yana yaro ya ga masu awo sun kafa fegi a gonar mahaifinsa suna ta fara'a, shekara ba ta zagayo ba titi ya bi ta kan gonar. Saboda haka duk Asabar sai ya raɓe bayan wani suri yana kallo. Ya ga yara sun riƙe hannun juna sun zagaye babbar ɗorawa suna dariya, ya ce a ransa awo ne wannan. Ya ga malamar tana ɗaura jan ƙyalle a jikin ƙananan tsirrai don kada yara su taka, ya ce shaida ake sawa. Malamin ya tambaye shi wanda ya shuka kaɗanyar tsakiya, ya ce ga shi an fara binciken mai wuri. Abin da ya fi damunsa shi ne ba su taɓa neman ko ludayin zuma ba. Wa ke wahala haka a banza?

Akwai wani mai gawayi da ya daɗe yana haɗiyar miyau kan ƙiryar kurmin. Da ya ga fuskar mai zuma, sai ya matso ya rage murya. "Ai haka suke farawa. Yau yara, gobe allon sanarwa, jibi a ce gandun gwamnati ne, ko reshe ka karya a ɗaure ka. Da ni ne kai, da na ci moriyar abina tun yana nawa." Matar mai zuma ta ce wa mijinta ya je ya tambayi malaman ƙiri-ƙiri, ko ya kai maganar gaban dagaci. Ya ce mai shirin cutarka ba ya gaya maka. Cikin mako ya sayar wa mai gawayi itatuwan, injin yanka ya shiga kurmi. Da Asabar ta zo, yara suka tarar da kututture da hayaƙi. Wata ƙarama ta shiga neman sheƙar tsuntsun da ta saba leƙawa a cikin rassan da aka tara. Malaman suka gaishe shi yadda suka saba, suka juya da yaransu.

Ƙungiyar ta koma tsallaken rafi, wurin wani manomi mai tsamiyoyi. Shi ma da fari bai yarda ba, sai dai ya kira su gaban dagaci ya tambayi duk abin da ke cinsa, sa'annan ya buɗe musu hanya. Shekaru suka wuce, ba wanda ya zo karɓar komai, tsamiyoyin na nan a hannunsa, yara har sun kewaye masa sabbin dashe da ƙaya. Mai zuma kuwa, ƙudan zumansa suka tashi. Matarsa ta koma sayen kalwa a kasuwa. Damina ta zo ba saiwar da za ta riƙe gaɓa, ruwa ya yi ta cin ƙasar har kwazazzabo ya raba filin biyu. Mai gawayi tuni ya ɗora buhunansa ya nufi wani gari.

To, Sallau, ka yi zarginka, ba laifi. Ka kira su ka tambaye su, ka je ka ga inda suka yi aiki a baya. Amma ka riƙa duban bakin da ke hura maka wutar, ka ga me zai samu in ta kama. Abin da ya sami mai zuma shi ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.