Sabon Gilashi

"Kai ɓarawo ne! Ka musanya mini waya!"

Dattijuwar da ta yi maganar ta dangwarar da wayar a kan teburin saurayi mai gyaran waya, har masu sayen caja suka waiwayo. Batir kawai ta kawo a canza mata, ga shi an miƙo mata wata aba mai sheƙi kamar hannu bai taɓa riƙe ta ba. Dama tun da ta ji saurayin yana cakuɗa Hausa da Faransanci yana murmushi, hankalinta bai kwanta da shi ba.

"Maman, wallahi taki ce," in ji shi. "Ga hoton jikanki nan. Gilashin sama na ga ya tsage, duk datti, na sa miki sabo. Kyauta."

"Wa ya aike ka? Ina tsohon?"

"Masu kwasar sharar unguwar Zongo sun tafi da shi."

Ta tsura wa wayar ido. Rubutu ko'ina, ita kuwa boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ranar da 'yarta za ta koma Kumasi da ciki, ita ce ta ɗiga mata jan farce a kan gilashin: Inna, ki taɓa nan, sai nan, sai ki ji muryata. Ga shi watan haihuwa ya kama.

"Dattin da ka zubar, shi ne karatuna!" Ta ja benci ta zauna a ƙofar shagon. "Kira mini maigidanka. Ba inda za ni sai ya nuna mini inda zan sa yatsana."