Ɗakin Sauraro

A jami'armu an gama da kaɗaici. An ware masa ɗaki mai kujeru biyu, inda ɗalibi ke sauraron damuwar ɗan'uwansa. An horar da masu sauraro su maimaita abin da suka ji, ban da ƙari.

A zuwansa na tara, Desmond ya dubi Marisol, mai sauraronsa. "Ƙarya nake, barcina lafiya lau. Ke nake zuwa gani."

Ta daɗe tana juya alƙalami. Ita ma duk mako Talatar zuwansa take jira.

"Na ji kamar kana cewa kana sona."

"Na san abin da na ce, malama. Ke fa?"

Dokar ɗakin ta ce in haka ta faru, a sauya masa mai sauraro.

Yanzu Curtis ke sauraronsa, ranar Alhamis.